Amsar Bartleby: nazarin sigar ƙi marar dalili a wurin aiki

Tsakure

Ƙasidar nan tana duba gajeren labarin Herman Melville mai suna Bartleby, the Scrivener (1853) ta fuskar kimiyyar harshe. Muna nuna cewa ƙarfin turjiyar ma'aikacin da ke cikin labarin yana cikin ginin amsarsa: amsa ce mai ɗauke da alamun ladabi na wanda ke shirin sakkowa, amma an cire mata dalili, wato abin da mai ba da umurni yake kamawa ya ci gaba da zance. Daga ƙarshe muna gwada amsar da sigogin ƙi na Hausa, domin amfanin mai fassara.

0. Gabatarwa

Malaman adabi sun daɗe suna karanta labarin Bartleby a matsayin misalin turjiya marar faɗa (résistance passive) a wurin aiki: ma'aikaci ya daina bin umurni, bai yi zagi ba, bai ɗaga hannu ba, bai kuma bar wurin ba. Shi kansa mai ba da labarin da wannan suna ya kira halin ma'aikacin nasa. Mu a nan ta ƙofar harshe za mu shiga, domin kuwa duk rikicin ya rataya ne ga jimla guda mai kalmomi biyar, wadda ma'aikacin yake maimaitawa duk lokacin da aka sa shi aiki.

Tambayoyi uku za mu bi. Me ke cikin ginin jimlar? Me take yi a cikin musayar zance tsakanin mai gida da yaronsa na aiki? Sa'an nan, in za a mai da labarin Hausa, wace siga za a ɗauka, kuma me za a rasa in aka ɗauki wadda ba ita ba? Tambaya ta uku ba ƙarama ba ce, saboda mai fassarar da ya kuskure wannan jimla ya canza labarin baki ɗaya.

1. Labarin da zamaninsa

1.1. Mawallafi

An haifi Herman Melville a birnin New York na Amurka a 1819, ya rasu a can a 1891. Littattafansa na farko, na tafiye-tafiyen teku, sun samu kasuwa. Amma Moby-Dick (1851) bai sayu sosai ba, Pierre (1852) kuwa ya sha suka. A wannan hali ne ya koma rubuta gajerun labarai don mujallu. Bartleby ya fito ba tare da sunan mawallafi ba a mujallar Putnam's Monthly, kashi biyu, a watannin Nuwamba da Disamba na 1853, aka sake buga shi a 1856 cikin tarin The Piazza Tales. Ƙaramin takensa yana cewa labari ne na titin Wall Street, wato unguwar bankuna da lauyoyi. Ma'anar sunan titin shi ne titin bango, kuma bango yana ko'ina cikin labarin.

1.2. Biron da aikinsa

Mai ba da labarin lauya ne dattijo, ba a faɗi sunansa ba. Ba ya shiga kotu jayayya. Aikinsa takardun jingina da na mallakar filaye na masu kuɗi. A lokacin babu na'urar buga rubutu (ba ta shiga kasuwa ba sai 1874), saboda haka kowace takardar shari'a da hannu ake kwafe ta. Ladan mai kwafi senti 4 ne ga kowace kalma 100. Bayan an kwafe, sai a zauna a gwada kwafin da asali kalma bayan kalma, wani na karantawa wani na bi da ido.

Kafin zuwan Bartleby akwai ma'aikata uku a biron, kowane da sunan tsokana. Turkey, wato talotalo, ɗan kimanin shekara 60, yana aiki mai kyau da safe, bayan cin abincin rana kuwa fuskarsa ta yi ja, ya dinga ɗiga tawada bisa takardu. Nippers, ɗan kimanin shekara 25, da safe ciwon ciki yake sa shi fushi, da rana ya lafa. Ginger Nut yaron aike ne ɗan shekara 12, ana ba shi dalar Amurka guda a mako. Lauyan ya zaunar da Bartleby cikin ɗakinsa, bayan wani allon kariya kore, kusa da taga wadda ke kallon bango da tazarar da ba ta kai mita guda ba. Manufarsa ita ce ya ji muryarsa in ya kira, ba tare da ya gan shi ba.

1.3. Matakan ƙi

Da fari Bartleby ya yi kwafi dare da rana. A rana ta uku lauyan ya kira shi su gwada wata ƴar takarda, sai ya ba da amsar tasa da murya mai taushi. Daga nan abin ya bi mataki-mataki:

(a) ya ƙi gwada kwafi, har da kwafi huɗu na shaidar kotu waɗanda shi da kansa ya rubuta;
(b) ya ƙi aike, ko zuwa gidan waya mai tafiyar minti uku, ko kiran Nippers daga ɗakin da ke kusa;
(c) ya ƙi faɗin inda aka haife shi ko wani abu game da kansa, bayan lauyan ya gano ran wata Lahadi cewa a biron yake kwana;
(d) ya daina kwafin kansa;
(e) ya ƙi barin biron, ko da aka ba shi wa'adin kwana 6 da dalar Amurka 32, wato 12 na hakkinsa da 20 kyauta;
(f) da lauyan ya kwashe kayansa ya koma wani gini, ya zauna bisa matakalar tsohon ginin, ya ƙi duk ayyukan da aka yi masa tayi, ya ƙi bin lauyan gidansa;
(g) a gidan kaso na birnin, wanda ake kira Tombs, ya ƙi abinci, har aka iske shi ya mutu a gindin bango.

Abin lura shi ne matakai (a) da (b) sun shafi ayyukan da ba a biya, tun da ana biya ne bisa yawan kalmomin da aka kwafe. Wannan ya sa wasu suke ganin Bartleby ma'aikaci ne da ya tsaya ga iyakar yarjejeniyarsa. Amma daga mataki (d) wannan fassara ta daina aiki, domin ya bar aikin da ke ba shi abinci.

2. Ginin amsar

2.1. Sassanta

Ana iya zana amsar haka:

(1) wakilin suna na mai magana + mataimakin aikatau na sharaɗi + aikatau na fifitawa + korewa + harafin gabatar da aikatau + Ø

Mataimakin aikatau shi ne would, wanda a nan yake yin aikin da conditionnel yake yi a Faransanci: yana sassauta magana, yana mai da ita kamar abin da ya dogara ga yardar wani. Aikatau shi ne prefer, daga Latin praeferre, wato sa abu gaba da wani. Aikatau ne na kwatanci, yana bukatar abu biyu: wanda aka fifita da wanda aka bari. Korewa ba ta faɗa kan wannan aikatau ba, ta faɗa kan abin da ke biye da shi. Mai maganar bai ce ba ya so ba. Ya tabbatar da cewa akwai abin da ya fi so, kuma abin nan shi ne rashin aikatawa. A ƙarshe harafin to, wanda ya kamata aikatau ya biyo shi, ya tsaya shi kaɗai. Wannan giɓi (ellipse) shi muka nuna da alamar Ø.

Sakamakon haka abu uku ne. Na ɗaya, jimlar tana magana a kan abin da ke cikin ran mai faɗinta, wanda ba wanda zai iya ƙaryatawa. Na biyu, ba ta ce komi ba a kan abin da zai faru: ba ta ce za a yi ba, ba ta ce ba za a yi ba. Na uku, da yake gurbin aikatau fanko ne, jimla ɗaya tana amsa kowane irin umurni, daga gwada takarda har cin abinci.

2.2. Ina baƙuncin yake?

Gilles Deleuze, a cikin « Bartleby, ou la formule » (1989, aka sake bugawa cikin Critique et clinique a 1993), ya yarda cewa jimlar daidai take a nahawu, amma ya ce tana ƙara kamar wadda ta saɓa wa nahawu, kuma tana kashe abin da aka ƙi tare da abin da aka fi so. Wannan karatu ya yi tasiri ƙwarai a jami'o'in da ke aiki da Faransanci. Sai dai akwai abin da ya kamata masanin harshe ya ƙara.

A Ingilishi, barin to ba tare da aikatau ba abu ne na yau da kullum, muddin an riga an ambaci aikatau ɗin a maganar da ta gabata. Yara ma suna yin haka. Faransanci ne ba ya yarda da wannan giɓi: ne pas ba ya tsayawa a ƙarshen jimla. Mai fassara zuwa Faransanci yana da hanya biyu, ko ya cike gurbin da wani aikatau ya rasa fankon, ko ya bar ne pas a rataye ya samu jimlar da kunnen Bafaranshe zai ji ta karye. Ke nan wani sashe na baƙuncin da mai karatu da Faransanci yake ji, daga fassara ya fito. Ga mai jin Ingilishi na 1853 jimlar lafiyayya ce, har ma ta masu tarbiyya ce. Baƙuncinta yana ga wurin da aka faɗe ta, da wanda ya faɗe ta, da abin da ya biyo bayanta. Wannan ya kai mu ga nazarin amfani da harshe (pragmatique).

3. Amsar cikin musayar zance

3.1. Umurni da abin da ke binsa

Tun daga Austin (1962) da Searle (1969) an san cewa umurni aikin furuci ne (acte de langage) mai sharuɗɗa: mai bayarwa yana da iko, mai karɓa yana iyawa, aikin kuma ana bukatarsa. Masu nazarin hira, irin su Sacks da Schegloff (1973), sun nuna cewa furuci kan zo tagwaye (paire adjacente): tambaya da amsa, gaisuwa da amsawa, umurni da bi ko ƙi. Amsoshin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Bi gajere ne, ba ya bukatar bayani. Ƙi kuwa amsa ce mai nauyi (enchaînement non préféré), kan zo da jinkiri, da ban haƙuri, da sassautawa, kuma sama da komi da dalili.

Dalilin nan kusan kullum yana taɓa ɗaya daga sharuɗɗan umurnin:

(2) a. Ba ni da lafiya. (iyawa)
b. Wannan ba aikina ba ne. (iko)
c. Ai an riga an yi. (bukata)

Kowane ɗaya yana ba mai gida abin kamawa. Ga (2a) sai ya ba da hutu, ga (2b) sai a ɗauko yarjejeniya, ga (2c) sai a je a duba. Wanda ya ba da dalili ya amince ke nan cewa ana binsa bayani, wato ya amince da ikon mai tambaya ko da bai yi aikin ba.

Amsar Bartleby ta ɗauki sassautawa ta bar dalili. Da aka tambaye shi me ya sa, sai ya maimaita jimlar. Lauyan ya kawo hujjoji: al'adar sana'a ce, kwafinsa ne, zai rage masa wahala. Ya lura cewa Bartleby yana sauraro, yana fahimta, ba ya musun ko ɗaya, amma amsar ba ta canzawa. A wurin aiken gidan waya lauyan ya yi ƙoƙarin mai da maganar ƙi tsantsa, ya tambaye shi da will, aikatau na niyya, ko yana nufin ba zai je ba. Bartleby ya mayar da shi ga aikatau na fifitawa, wannan karo ma ba tare da mataimakin sharaɗi ba. Da ya amsa cewa ba zai je ba, da ya zama mai rashin biyayya, kuma hukuncin wannan sananne ne. Lauyan da kansa ya faɗa cewa da ya ga alamar fushi ko rashin kunya, da ya kore shi nan take, amma korar wannan mutum kamar korar gunkin Cicero ne da ke ajiye a biron.

A al'ada, wanda ya yi amfani da sigar sharaɗi irin wannan yana nuna cewa in aka matsa zai yi. Shi ya sa lauyan yake ta komawa yana sake gwadawa: nahawun amsar yana yi masa alkawarin sakkowa, mai amsar kuwa ba ya sakkowa.

Kwatanci da sauran ma'aikatan yana ƙara haske. Turkey da Nippers kowane rabin yini yake aikin kirki, Turkey ma ya ƙi yarda a rage masa aikin rana. Duk da haka lauyan yana jure su, saboda suna riƙe da sigar magana ta ƙasa da sama. Turkey ba ya buɗe baki sai ya fara da kalmar miƙa wuya. Bartleby a farkonsa ya fi su aiki nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya girgiza biron.

3.2. Abin da aka ɗauka tabbas

Ducrot (1972) ya nuna cewa abin da aka ɗauka tabbas (présupposé) yana ɗaure abokin zance: in ya amsa ya karɓa, in ya musa ya ɓata hira. Mulkin biro da wannan yake tafiya. A rana ta uku lauyan ya miƙa takardar ba tare da ya ɗaga kai ba, saboda bai kawo a ransa cewa akwai wata amsa ban da bi ba. Haka kuma lokacin sallama: bai yi tsawa ba, ya ajiye kuɗi, ya yi bayanin inda za a sa makulli, ya yi ban kwana kamar tafiyar ta riga ta tabbata. Ya koma gida yana yabon dabararsa. Da safe ya gane cewa shi kaɗai ya ɗauki abin tabbas, kuma ya iske ƙofa a kulle daga ciki. Bartleby bai musa abin da aka ɗauka tabbas ba, ya dai ƙi ɗaukarsa, kuma ka'idojin hira ba su tanadi abin yi ga wannan ba.

Da yake dalili bai zo ba, lauyan ne ya shiga samar da shi. Ranar da Bartleby ya daina kwafi aka tambaye shi dalili, sai ya mai da tambayar, ko lauyan bai ga dalilin da kansa ba. Lauyan ya dubi idanunsa ya yanke cewa sun lalace ne. Kafin wannan ya ce kaɗaici ne, ya kuma ce taɓin hankali ne, sa'an nan ya karanta littattafan Jonathan Edwards da Joseph Priestley a kan ƙaddara ya ce Allah ne ya ɗora masa shi. Bayan mutuwar ya kawo jita-jitar cewa Bartleby ya taɓa aiki a Washinton, a biron wasiƙun da ba a samu masu su ba, waɗanda ake ƙonewa. Masu sharhi sun ci gaba daga inda ya tsaya: Leo Marx (1953), alal misali, ya ga Melville ne kansa, marubucin da ya ƙi ci gaba da rubuta abin da kasuwa take so. Duk waɗannan cike gurbi ne, kuma labarin bai tabbatar da ko ɗaya ba.

3.3. Yaɗuwar kalma

Akwai wurin da aikatau prefer ya fara fita daga bakin lauyan, da Nippers, da Turkey, ba da niyyarsu ba. Turkey yana amfani da shi a jimlar da yake cewa shi ba ya amfani da shi. Nippers ya tambayi lauyan launin takardar da ya fi so. Wannan ne ya tsorata lauyan har ya yanke shawarar sallama. Dalilin tsoron a bayyane yake ga masanin harshe: aikatau ne da ke sa mai magana a matsayin mai zaɓi, kuma biro an gina shi bisa cewa mutum ɗaya ke da wannan matsayi.

4. Amsar a Hausa

4.1. Sigogin ƙi

Bari mu jera abin da Hausa take da shi ga ma'aikacin da aka sa aiki:

(3) a. Na ƙi.
b. Ba ni yi. / Ba na yi.
c. Ba zan iya ba.
d. To, ranka shi daɗe, sai na gama wannan.
e. Gara in bari.
f. Da so samu ne, da ban yi ba.
g. Na fi son kada in yi.

(3a) da (3b) ƙi ne tsantsa, irin wanda lauyan ya nema bai samu ba. Yaron da ya faɗa wa mai gidansa haka ya yi rashin kunya, kuma labarin zai ƙare a shafi na biyar da kora. (3c) ya ba da dalili, wato rashin iyawa, ya mai da Bartleby majinyaci. (3d) ita ce hanyar da muka fi sani: a ce « to », a ja lokaci, a bar aikin ya mutu da kansa. Irinta ce James Scott ya bayyana a Weapons of the Weak (1985) daga wani ƙauyen Malesiya, inda talaka ke nuna biyayya da baki yana noƙewa a aikace. Bartleby akasin haka yake yi, domin ba ya ɓoye cewa aikin ba zai samu daga gare shi ba.

(3e) ta fi kusa, tun da gara da gwamma na kwatanci ne. Amma cikakkiyar sigarsu ita ce « da X gara Y », kamar a karin maganar nan, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sashen farko shi ne dalili: rawar ce ba ta da kyau. Ko an shafe shi, mai sauraro yana jin cewa an yi awo an ga illa, kuma zai tambayi illar. Ban da haka gara ba aikatau ba ne, ba ya ɗaukar wakilin suna a gabansa, saboda haka mai magana a matsayin mai zaɓi ya ɓace. (3f) ta kama sassautawar sharaɗi sosai, sai dai ta wuce gona da iri: da… da… sharaɗi ne na abin da bai tabbata ba, mai faɗinta ya riga ya sallama cewa zai yi.

Saura (3g). Fi aikatau ne na kwatanci kamar prefer, korewa da kada ta faɗa kan abin da ke biye, kuma yi ba tare da karɓau ba yana tsayawa a madadin kowane aikatau. A nan Hausa ta fi Faransanci dacewa, domin tana da fanko wanda bai karya nahawu ba. Fi so kuma yana iya yaɗuwa zuwa bakin sauran ma'aikata yadda labarin yake bukata. Abin da aka rasa shi ne sharaɗi. Muna ba da shawarar a maye shi da dai:

(4) Na dai fi son kada in yi.

Dai yana sassautawa, yana kuma nuna tsayawa a wuri ɗaya, kuma ana iya cire shi a wurin aiken gidan waya, inda asalin ya cire mataimakin aikatau.

Shi kuwa ƙi yana da amfani a bakin mai ba da labari. A Hausa ana cewa ƙofa ta ƙi buɗuwa, wake ya ƙi dahuwa, mota ta ƙi tashi. Aikatau ne da ke ɗaukar mutum da abu duka, kuma lauyan yana kai da kawo tsakanin ganin Bartleby mutum mai niyya da ganinsa kayan biro da ya lalace.

4.2. Yaji da biko

Kalmarmu ta yajin aiki daga yajin matar aure ta fito. Mai yaji takan bar gidan miji ta koma gidan iyaye, tana da ƙorafi sananne, kuma tafiyar tata kira ce ga biko. Haka yajin aiki: a bar wurin aiki, a faɗi bukata, a jira sulhu. Halin Bartleby ya saɓa wa wannan ta kowace fuska. Bai bar wurin ba, mai gidan ne ya tashi ya bar masa. Bai faɗi ƙorafi ba. Lauyan ya yi biko iri-iri, da kuɗi, da tayin aikin kanti, da na karɓar bashi, da na rakiyar wani saurayi zuwa Turai, da masauki a gidansa, amma biko yana bukatar a san abin da aka ɓata. Saboda haka bai kamata mai fassara ko mai koyarwa ya kira wannan yajin aiki ba. Haka in aka ɗauki rabon Albert Hirschman (1970) na hanyoyi uku da ke gaban wanda bai gamsu da ƙungiya ba, wato fita, ko ɗaga murya, ko riƙe amana, Bartleby bai shiga ko ɗaya ba.

5. Iyakar turjiyar

Giorgio Agamben (1993) ya ga Bartleby misalin ikon rashin aikatawa, wanda ya samo daga Aristote. Slavoj Žižek (2006) ya mai da shi tushen wata siyasa ta janye hannu. Masu zanga-zangar da suka mamaye wani dandali kusa da Wall Street a 2011 sun ɗauke shi tamkar kakansu. Hardt da Negri kuwa, a Empire (2000), sun yi gargaɗi cewa ƙi mafari ne kawai, in ya tsaya shi kaɗai fanko ne.

Nazarin da muka yi yana goyon bayan wannan gargaɗi. Abin da ya ba amsar ƙarfi shi ne ya hana ta amfani. Da yake ba ta da dalili, ba a iya karya ta. Da yake ba ta da bukata, ba a iya biya mata, ba kuma wanda zai iya shiga cikinta. Wakilin sunanta na mutum ɗaya ne, bai taɓa zama « mu » ba. Sauran ma'aikatan sun ari kalmar, amma aikin gwada kwafin da Bartleby ya bari a kansu ya faɗa, kuma duk lokacin da lauyan ya nemi ra'ayinsu, wanda ke cikin sa'ar fushinsa yakan nemi a kore shi ko a buge shi.

Sa'an nan nasarar amsar ta tsaya ne ga mutumin da ke jin nauyin ka'idojin zance. Lauyan yana son a gan shi mai adalci, shi ya sa ya rasa abin yi. Mai ginin da sababbin ƴan haya ba su shiga musayar ba ko kaɗan: sun kira ƴan sanda, aka canza wa Bartleby suna daga ma'aikaci zuwa ɗan yawon banza. Lauyan ya riga ya lura da rashin ma'anar wannan tuhuma ga mutumin da laifinsa shi ne ya ƙi motsawa. Amma hukuma ba ta bukatar amsarsa kafin ta ɗauke shi.

6. Kammalawa

Mun ga cewa amsar Bartleby lafiyayya ce a nahawun Ingilishi, kuma baƙuncinta yana ga amfani: sigar ladabi ce ta mai shirin sakkowa, an cire mata dalili, an maimaita ta ba canji. Wannan ya hana mai gida hanyoyinsa biyu, hukunci da lallashi, ya kuma tilasta masa ƙirƙiro dalilin da kansa. Ga fassarar Hausa mun ware na ƙi, da ba zan iya ba, da gara, mun zaɓi fi so tare da dai.

Aikin da ya rage na fili ne. Misalan (2) da (3) daga sanin harshe muka kawo su. Ana bukatar a naɗi ainihin musayar zance a birori da shagunan sana'a na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, a ƙidaya sau nawa ƙi yake zuwa ba dalili, a ga kuma wa ke da damar yin haka ga wa. Muna zaton za a iske cewa ƙi marar dalili daga sama yake sauka zuwa ƙasa, kuma abin da Melville ya yi shi ne ya sa shi a bakin na ƙasa. Wannan zato ne da ɗaliban da ke neman batun bincike za su iya gwadawa.